Bindigar Ammu Sabri

Duk zaman da muka yi ɗaki ɗaya da Harun a Darrasa, wata unguwa a Alƙahira, ban taɓa ganin ya ajiye wani abu da datti ba. Cokali, wuƙa, har abin yanke farce, sai ya goge kafin ya mayar. Mu kuwa sauran ɗalibai, da tukunyarmu ke kwana a wurin wanke-wanke tana jiran mai tsoron Allah, sai muka sa masa suna Sarkin Bakan Darrasa. Ba a banza muka sa ba. Mahaifinsa shi ne Sarkin Baka, shugaban maharba, a wani ƙauye cikin ƙasar Ningi, kuma daga wurinsa Harun ya kwaso wannan hali. Dokar tsohon guda ce: wanda ya harba bindiga ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa, sai ya goge ta.

Tun da Harun ya zo Alƙahira karatu bai taɓa leƙa gida ba, kuma kewa ta ci shi ƙwarai. Kowannenmu yana kewar wani abu, yawanci tuwo, amma shi ƙanshin albarushi yake kewa. Sai mu zauna cin ful, dafaffen waken Misirawa, ya ajiye burodi ya kama ba mu labarin yadda baban nasa ke zama gindin tsamiya da yamma in an dawo daga daji, tsumma a hannu, bindiga a cinya, yana gogewa yana tambayar kowa abin da ya gani. Mun ji labarin nan har mun haddace shi fiye da darasin nahawu. Ba mu taɓa katse shi ba, don in yana ba da shi fuskarsa takan koma ta yaro.

A shekarar 2012 ƙanwarsa Fatu ta fara faɗa masa a waya cewa yanar ido ta kama Baba. Da farko nesa ce ba ya gani, daga baya ya koma gane mutane da murya. Tsohon da kansa ya karɓi wayar wata rana ya ce wa Harun ya zo da sauran haske, yana so ya ga fuskarsa, ya kuma damƙa masa bindigar gidan hannu da hannu. Harun ya yanki tikitin hutun ƙarshen shekara. Ya sayi jallabiya fara da turare da kwalli, ya shirya akwati tun jarrabawa ba ta ƙare ba, ya tura ƙarƙashin gado. Kullum sai ya jawo shi ya buɗe, ya sake ninke abin da yake a ninke.

Bayan darasi yakan taimaka wa Ammu Sabri, wani dattijo Bamisire mai kantin waya da katin kira a bakin lungunmu. Lokacin nan gari bai gama komawa daidai ba tun juyin juya hali. 'Yan sanda sun yi ƙaranci a titi, ɓarayi sun samu sake, kowane mai kanti yana da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Na Ammu Sabri ƙaramar bindiga ce mai lasisi, tana kwance a durowa cikin ledar burodi, tsatsa ta fara cin ta. Ranar da Harun ya gan ta ya dawo ɗaki kamar an yi masa rasuwa. Ya roƙi dattijon ya bari ya gyara masa ita, shi kuwa ya ƙi ƙememe. Ya ce lasisin na hannunsa ne shi kaɗai, ko ɗan cikinsa ya taɓa ta laifi ne, balle baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama.

Wannan magana ba ta shiga kan Harun ba. Ya yi ta mita a ɗaki cewa wace irin bindiga ce ta mutum ɗaya? A garinsu bindiga ta gida ce, in kura ta faɗa garke wanda ya fi kusa shi ke ɗauka, ko da baƙo ne da ya sauka jiya. Na ce masa nan ba Ningi ba ce, ya ce ai kurar nan ma ta fi ta can yawa.

Ana saura 'yan kwanaki ya tashi, Ammu Sabri ya tafi sallar la'asar ya bar shi a kanti. Samari biyu suka faka babur a ƙofa suka shigo, ɗaya da wuƙa, ɗaya da irin bindigar nan ƙirar maƙera. Suka ce ya zuba wayoyi a jaka. Akwai wata tsohuwa a ciki da ta zo sayen kati, mai wuƙar ya hankaɗe ta ta faɗi a kan gilashi. Harun ya ce daga nan bai san lokacin da hannunsa ya shiga durowa ba. Bai saita kowa ba, sama ya ɗaga ya harba, siminti ya zubo daga silin. Samarin suka fita a guje suna gware, har babur ɗin suka bari.

Lungu ya cika maƙil. Ammu Sabri ya iso da gudu babu takalmi ɗaya, ya kalli ramin silin, ya kalli Harun, nan take ya gane abin da ke tafe. Ya ƙwace bindigar ya ajiye a tebur, ya ce shi Sabri ne ya harba, khalas, magana ta ƙare, kada wanda ya faɗi wani abu daban. Sai ya fita waje yana bin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mai shayi da mai littattafai da ita tsohuwar, don bakinsu ya zo ɗaya kafin hukuma ta iso. Kowa ya yarda, don ana son Harun a lungun nan.

Wani ya miƙa wa Harun ruwa. Ya kai kofin baki, ya kasa sha, ya ajiye.

Ni a lokacin labari ya same ni na taho. Na kutsa cikin mutane na wuce bayan kanti, na tarar da shi zaune a kan kwali, bindigar a cinyarsa. Ya samo tsumma da ɗan man da ake sa wa ƙofar kanti, ya goge ta ciki da waje, har tsatsar da ta daɗe tana damunsa ya kankare. Tana ta ƙyalli kamar yau aka saye ta.

"Harun, me kake yi haka?"

Ya dubi hannuwansa kamar na wani. Ya ce, "Ukasha, wallahi ban sani ba."

Jami'in da ya zo ba mugu ba ne, gajiyayyen mutum ne kawai mai ido. Ya saurari Ammu Sabri, ya saurari shaidu, yana gyaɗa kai. Sannan ya ɗauki bindigar ya shinshina. Bindigar da aka ce an harba ɗazu, ba ta warin komai sai mai. Ya dubi hannun Ammu Sabri, tas da shi, da sauran tsabtar alwala. Ya dubi na Harun, baƙi ƙirin har cikin farce. Ya tambaye shi kai tsaye, Harun kuwa bai iya ƙarya ba ko ta wasa. Ya ce shi ne.

Ba a daɗe da tsare shi ba. Tsohuwar ta je da kanta ta nuna ɗinkin da aka yi mata a hannu, aka yarda kare rai ya yi. Amma maganar lasisi daban take. An karɓe na Ammu Sabri, an riƙe fasfon Harun, aka ce ba zai bar ƙasar ba sai kotu ta gama da shi, kotu kuma ta sa rana can bayan hutu. Ammu Sabri ya yi ta cewa ma'alish, a yi haƙuri, yana share hawaye. Ni kuwa haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Ranar da ya kamata jirginsa ya tashi, Harun ya jawo akwatin ya zauna a kai ya kira gida. Ya buɗe muryar wayar a fili, shi ya sa na ji komai. Fatu ta ce Baba yanzu ko hasken ƙofa da ƙyar yake bambancewa, sannan ta miƙa wa tsohon wayar. Harun ya ba shi labari tun daga farko, ya ce ba zai samu zuwa bana ba. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe. Muna jin kukan awaki a bayansa, da wata mata tana daka.

"Ka taɓa mutum?"

"A'a, Baba. Sama na harba."

"To. Ka goge ta?"

Harun ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya. "Na goge, Baba."

"Madalla," in ji tsohon, kana jin daɗi a muryarsa. "Ashe ba ka manta gida ba."