Fom Ɗaya, Hannu Biyu

Atika ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar ofishin biyan tallafi, ta tarar Na'Allah ya riga ta, yana tsaye da fom a hannu, ya sha wankakkiyar riga.

Tare suka yi shekara shida suna aiki a injin casar shinkafa da ke kan hanyar iyakar Benin, shi yana awo, ita tana ɗinkin buhu. Ranar da aka rufe injin ya juya takardar sallamarsa, ya rubuta mata saki ɗaya a bayanta, a gaban matan da take aiki da su. Ya ce ba zai ciyar da baki biyu da hannu wofi ba. Tun ranar tana gidan mahaifinta a Bahindi.

Sai ga tallafin waɗanda suka rasa aiki ya fito da sharaɗi: miji da mata da suka cike fom ɗaya ba za a cire musu haraji ba, wanda ya cike nasa shi kaɗai kuwa za a yanke masa kashi ɗaya cikin biyar. Mako biyu da suka wuce Na'Allah ya je Bahindi. Kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ita, tunda tana cikin idda, amma ya ce sai ranar da ya ga takardar tallafin da idonsa, kada ya ɗauko nauyi a banza. Ta sunkuyar da kai, ta ce masa ba ta da sukuni sai Alhamis ta sama. Ya je ya karɓi babur bashi a Dole Kaina, da alkawarin zai biya da kuɗin su biyu.

Malam Sufyan, akawun ofishin, ya duba fom ɗin. "Auren yana nan?"

Na'Allah ya gyara murya, ya waiwayi mutanen layi. "Ku shaida, na mayar da matata Atika."

"Ka makara," in ji ta. "Iddata ta cika shekaranjiya."

"Mi kika ce? Wata uku bai cika ba! Saura kwana tara, na ƙirga!"

"Kai wata kake ƙirgawa."

Wata tsohuwa a layi ta rufe baki da mayafi. Malam Sufyan ya ajiye biro a hankali. "Malam, ba da wata ake lissafa wa mai shekarunta ba. Kuma a wannan, maganarta ake ɗauka."

"Ke ma fa za a yanke miki, mahaukaciya!"

Ta sani. Ta lissafa tun a gida: abin da za a yanke mata ya kai buhun gero, ga damina ba ta faɗi ba. Ta ɗauka in wannan lokacin ya zo za ta ji sanyi a ƙirjinta. Abin da ta ji bai kai buhun gero nauyi ba, amma ba ta so ta mayar da shi.

"Malam, a ba ni nawa fom ɗin."

Da za ta rubuta sunanta teburin ya yi ta girgiɗi, sai ta zaro takardar sakin daga jaka, ta ninke ta huɗu, ta tokare ƙafarsa da ita. Ta sa hannu, ta miƙe. Shekara goma sha ɗaya da suka yi da aure, bakinta bai taɓa kiran sunansa ba.

"Matsa in wuce, Na'Allah."