Taɓarya ta Uku

Malam Ishaya ma'aikacin lafiya ne, mutumin unguwar Zango a birnin Damagaram. Da aka mayar da aikinsa wani ƙauye a ƙasar Droum, sai ya tafi da matarsa Salamatu da ɗiyarsu Dibora, mai shekara goma sha biyar. Mutanen ƙauyen manoman hatsi da gyaɗa ne. Sun karɓe su hannu bibbiyu, suka ba su gida kusa da ɗakin shan magani. Abinci bai yanke musu ba, mutunci ma haka. Abin da babu shi ne majami'a, kuma Dibora ba ta da ƙawa ko ɗaya.

A Zango tana cikin mawaƙan matasa na majami'arsu, ita ke kaɗa caki. A nan kuwa, in ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, sai ta shige ɗaki. 'Yan matan ƙauyen ba su ƙi ta ba. Sukan ce, "Sannu ɗiyar likita," su wuce, don ba su san me za su ce mata bayan wannan ba.

Dangar zana ce kawai tsakanin gidansu da na Iya Kande, wata tsohuwa mai sayar da fura. Kullum bayan azahar jikarta Zahra'u da ƙawayenta Aliya da Maryama sukan taru su daka mata hatsi. Ba daka kawai suke yi ba, lugude suke yi: mutum uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ta ukun ta cilla tata sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Zahra'u ke ba da waƙa, tana saka sunan kowace a ciki, wadda aka kira kuma ita za ta cilla. Dibora takan tsaya jikin danga tana saurare, yatsunta na bin kiɗan a kan cinyarta. Ba abin da take so kamar ta ji sunanta a cikin waƙar nan.

Wata rana aka aiki Maryama kasuwa, turmi ya koma na mutum biyu. Iya Kande ta ɗaga murya.

"Ke mai laɓe, ƙafafunki muke gani ta ƙarƙashin zana tun damina. Zagayo."

Dibora ta zagayo, kunya kamar ta nutse. Aliya ta miƙa mata taɓarya tana dariya.

"'Yar birni, kin taɓa riƙe wannan? Ko a Zango inji ke tauna muku?"

"Na iya kiɗa," in ji Dibora a hankali.

Gaskiya ta faɗa, kuma iyawar ce ta ja mata. A majami'a an koya mata cewa duka hannuwa tare suke sauka, wanda ya saɓa ya ɓata waƙa. Da Zahra'u ta fara, sai Dibora ta kama bugunta daidai, ta sauke taɓarya tare da tata. Taɓare biyu suka yi karo a bakin turmi, turmin ya kife, hatsi ya watse a ƙasa, kaji suka rugo.

"Wayyo furar Iya!" Aliya ta riƙe ciki. "Kajinmu sun gode, ɗiyar likita!"

Dibora ta ajiye taɓarya za ta gudu, Iya Kande ta riƙo gefen zanenta.

"Ina za ki? Wanda ya zubar shi ke kwashewa. Ɗauko faifai."

Suka durƙusa su huɗu suna tsince tsakuwa. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Da suka gama sai ta zaunar da Dibora a kan kujera 'yar tsugune, ta ce ta rufe ido, ta sa sauran biyun su ci gaba.

"Me kika ji, ɗiyata?"

"Bugu biyu, Iya."

"Bayan su fa?"

Dibora ta daɗe tana saurare. "Shiru kaɗan."

"To wannan shirun na Maryama ne. Ba ta nan, amma ba su cike mata shi ba. Yau aro za ki yi."

Ta fara da tafi daga zaune, tana jefa shi cikin shirun. Bayan wani lokaci aka mayar mata da taɓarya. Ta makara sau da yawa, tafin hannunta ya yi bororo, amma turmi bai sake kifewa ba. Da ta koma gida, uwarta ta shafa mata man kaɗe, ta tambaye ta ko gobe za ta huta. Ta ce a'a.

Washegari ta tarar Maryama ta dawo, taɓarya a hannunta. Dibora ta ja da baya, don turmi ya cika. Sai Zahra'u ta dubi ƙawayenta, ta ce, "Ku sassauta, a buɗa." Ta shiga ɗakin kakarta ta fito da wata tsohuwar taɓarya mai sanƙo. Suka ja kiɗan ya ɗan yi tsawo, har wani sabon shiru ya fito bayan bugun Maryama, wanda ba na kowa ba ne.

Dibora ta shiga cikinsa. Sun yi zagaye da yawa kafin Zahra'u ta rera:

"Dibora ta Zango, mai ciyar da kaji,
Cilla mu gani!"

Ta cilla, ba sama sosai ba. Ta tafa sau ɗaya, ta cafe da ƙyar. Iya Kande ta rangaɗa guɗa, har Salamatu ta leƙo ta saman danga da ludayi a hannu.

A ranar Dibora ta gane cewa a lugude ba a bin sawun kowa. Kowace tana da gurbin da sauran suka bar mata, kuma ita ma an bar mata nata.