Ruwan Wankan Jego

Ya'ƙub ne ya kawo fayafayen fim guda biyu, wai mu ga yadda Turawa ke fitar da aljani. Abokin karatuna ne a jami'a nan Alƙahira, kuma shi ke yi wa matata Fatuma ruƙiyya tun da ta haihu ta daina barci, ta daina magana, sai kallon bango. Wata biyu ke nan. Ni kuwa a lokacin ko ƙasa aka ce in ci ta warke, wallahi ci zan yi.

Bayan azahar muka kunna a kwamfutarsa, a falonmu na unguwar Ainu Shams. Fatuma na ɗaki, jaririyarmu Nana na wajen maƙwabciyarmu Mariam, 'yar Sudan.

Fim na farko tsoho ne, hoton duk ya koɗe. Yarinya aljani ya shiga, ba a ce don me ba, ba a ce ta ina ba. Uwar na tsaye bakin ƙofa tana jin ihun 'yarta. Na biyun sabo ne, amma baya ya koma don ya nuna mafari: ramin da aka haƙa, gunkin da aka tono, wanda ya fara taɓa shi.

"Yauwa, wannan ne fim," in ji Ya'ƙub. "Tsohon nan shirme ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Aljani ba ya shiga sai an taɓa shi."

Na ce haba malam, sabon nan hayaniya ce kawai da jini. Tsohon ne ya taɓa ni, don ni na san tsayuwar nan ta bakin ƙofa.

"Khalas, shi ke nan, bar fim. Ka tuna da kyau, Nata'ala. Ruwan wankan jegonta wa ke tafasawa?"

Ni ne mana! Wa muke da shi a Masar? Ba uwa, ba goggo. Kwana arba'in ina ɗora tukunya safe da yamma, in ta gama in juye ragowar a magudanar banɗaki yana tururi.

"Da bisimilla?"

Na gaya masa gaskiya. Wata rana na yi, wata rana ina saurin kama jirgin ƙasa na metro.

"To ka gani. Nan aljanu suke zama. Ka ƙona musu ɗa."

Ban gama yarda ba, ban kuma iya ƙaryata shi ba, na tsani kaina ƙwarai.

Sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Fatuma ce, ta rame, ɗankwalinta a hannu. Rabon da in ji muryarta har na manta.

"Baban Nana," ta ce a hankali, "ba kowa a jikina. Ni ce. Tsoron yarinyar nake ji, ban san dalili ba. Don Allah ka kai ni asibiti."

Na miƙe. Ya'ƙub ya riƙe min hannu gam.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗan'uwa. Haka suke faɗa in sun fara jin wuta."

Ya ɗaga murya ya ja a'uziyya. Fatuma ba shi take kallo ba, ni take kallo. Ina tsaye tsakaninsu har ya kai aya ta bakwai. Ta juya ta koma ɗaki, ta ja ƙofar da kanta.