Sanƙon Des Hocking

Duk wanda ya tambayi koci Des Hocking yadda aka yi Raelene Tsakiris ta gagari 'yan tsallen ruwa na jihar Queensland kaf, zai ce tsarin horonsa ne: numfashi, nutsuwa, da haramta soyayyen dankali. Jaridu suka buga, jama'a suka haddace. Raelene ta ci dankalinta a ɓoye, ta ja bakinta ta yi gum.

Mai alkafura a iska yana buƙatar abu guda da idonsa zai cafka a kowane juyi, don ya san lokacin miƙe jiki ya tsaga ruwa. A tafkin ninƙaya na garin Townsville inda ta tashi, sama shuɗiya, ruwa shuɗi, babu abin kamawa sai sanƙon kocinta. Kullum yana tsaye gefen katakon tsalle, kansa ya sha man kare zafin rana yana walƙiya kamar sabon faranti. Da shi ta ci duk kofunanta, Des kuwa bai sani ba.

Ranar gasar ƙasa, wadda a ita ake zaɓen masu fita gasar ƙasashen waje, aka ce za a nuna a talabijin. Des ya iso da gashi, baƙi wuluk, har da tsaga a gefe.

Raelene ta hau katako, ta yi sama, ta juya, ta nemi alamarta ta rasa. Ta faɗo da baya, fam! Har masu sayar da fanken nama suka ce wash. Alƙalai suka ɗaga makin da ko a gasar firamare abin kunya ne. In ta sake irin wannan, wata ce za ta shiga jirgi.

Ta fito bayanta jawur, ta nufe shi.

"Me ya same ki, Rae? Ina numfashin da na koya miki?"

"Des, cire abin nan."

"Wane abu?"

"Mushen da ke kanka."

"Ke, yarinya! Gashina ne."

"Naka ne mana, tunda kai ka saya. Cire."

Ya waiga wajen kyamara, ya rage murya. "Matata na kallo. Ƙanwarta ma na kallo, wadda ke ce mini ƙwan jimina."

"To ka ji abin da ban taɓa faɗa ba. Ban san wani numfashi ba. Sanƙonka nake kallo in buɗe jiki, tun ina 'yar firamare."

Des ya dafe gashin. "Duk shekarun nan?"

"Duk."

"Littafin da nake rubutawa fa?"

"Rubuta abinka, ni ba zan tona ba. Amma in na faɗi yau, wa zai saya?"

Aka kira sunanta. Ta hau, ta murza tayar da ke daidaita katakon da tafin sawu, ta tsaya tana dubansa, ba ta da niyyar motsi. Alƙalin wasa ya duba agogo. Des ya yi ƙwafa, ya kai hannu, ya ɗaye gashin ya cusa a aljihu. 'Yan kallo suka kece da dariya.

Amma kan nasa ya kwana biyu bai ga mai ba, ya dushe. Raelene ta nuna masa da yatsa. Des ya zagi kakanninta can ƙasa-ƙasa, ya ari man rana wajen wata tsohuwa, ya mulke kan a gaban ƙasa baki ɗaya.

Ta yi sama, ta juya, haske ya wulga, ta miƙe, ta tsaga ruwa sumul. Ruwan ko tari bai yi ba.