Farin Dutsen Kan Burtali

Tun da Rebecca ta ajiye aikin ungozoma, sai ta ɗauki wata ɗabi'a da ke ba mutanen unguwarsu a Zuru dariya, wato tsintar duwatsu. Na kallo ne kawai, ba ta sayarwa. Duk inda ta ji an ce ruwa ya zaizaye gefen tsauni ko rafi ya ja baya, can za ka same ta da 'yar jaka da tsohon cokalin da take tono da shi. Tagar ɗakinta cike take, ga baƙaƙe masu ƙyalli, ga jajaye kamar goro. Mijinta Japhet yakan ce, "Matan mutane kaji suke tarawa, tawa kuwa abin da ko a miya ba ya nuna."

To, wata Laraba da damina, Rebecca ta dawo daga bayan Dabai da wanda ya fi su duka. Fari ne tas, girman kan jariri, da tsinaye kamar haƙora, in rana ta doke shi har cikinsa kake gani. A gefen wata gona ta same shi, rabinsa a binne cikin ciyawa. Sai da cokalin ya karye kafin ya fito.

Washegari da hantsi Japhet ya dawo daga kasuwa fuska ba walwala.

"Dabai ba lafiya," ya ce. "Ezekiel mai gonar gindin tsauni ya ce Hammadu ya tumɓuke dutsen iyaka don ya faɗaɗa wa shanunsa hanya. Samari sun fito da sanduna, wai rugar Hammadu ba za ta kwana ba."

Hammadun nan Rebecca ta san shi, ita ta karɓi haihuwar tagwayensa. Ta ajiye tsintsiya.

"Wane irin dutse?"

"Irin wanda dattawan manoma da na Fulani suka kafa a bakin burtali tun da can. Farare suke zaɓa don a hango su cikin ciyawa. Kowa ya san wanda ya taɓa su faɗa yake ne..."

Bai ƙarasa ba, idonsa ya sauka kan taga. Ita ma can take kallo.

"Rebecca. Ke dai!"

Ta naɗe dutsen a zane, ta hau bayan babur ɗin Japhet. Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kuma abin da ke cin ta ke nan. In ruwa ya sauka ramin da ta tona zai shafe, in ya shafe kuwa ba mai iya cewa ga inda iyaka take.

Sun tarar da mutane cincirindo. Hammadu na tsaye da sanda bisa kafaɗa, shanunsa a baya suna ta tura juna, 'yan uwansa sun jeru kusa da shi. Ezekiel kuwa sai kumfar baki yake.

"Gindin ɗorawar can dutsen yake tun ina yaro!"

"Jikin surin ga yake," in ji Hammadu a hankali. "In can ne, ta ina saniya za ta bi? Ta sama?"

Wani saurayi ya ɗaga sanda. Rebecca ta kutsa tsakiya, ta kwance zanen.

"Ga dutsenku. Ni na cire shi jiya, ban san na iyaka ba ne. Kyansa na gani."

Wurin ya ɓarke da hayaniya.

"Haba Mama!" Ezekiel ya ce. "Kare shi kike don kin san matarsa. Wa zai ɗauki dutse don kyau? Ci za ki yi?"

"Ɗana, zo gidana ka ga abin da nake fama da shi," Japhet ya ce, amma ba wanda ya yi dariya.

"In ke kika cire, nuna mana inda kika cire," in ji Ezekiel.

Rebecca ta duba. Jiya wurin ciyawa ce tsaye, yau ƙafafu sun tattake ta, ko'ina iri ɗaya. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo mata a wuya. Ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta tana laluben ƙasa, tana jin numfashin mutane a kanta. Nan babu. Ta matsa gaba, nan ma babu. Wani ya ce, "Ƙarya ce, ku bar ta." Ta ji sanduna sun fara motsi.

Sai wani abu ya soke ta a tafin hannu. Guntun cokalinta ne, a tsaye cikin ƙasa. Ta yaye ciyawar, ga rami da sawun tono. Ta sa dutsen, ya ƙi zama. Ta juya shi, sai ya shige daram, jar ƙasar da ta rina gindinsa ta yi daidai da bakin ramin.

Wurin ya fi kusa da surin, amma bai kai inda Hammadu ya nuna ba, kuma tsakaninsa da ɗorawar Ezekiel da 'yar tafiya. Kowannensu ya kalli dutsen, ya kau da kai.

Ruwa ya kece. Ezekiel ya daɗe tsaye yana jiƙewa, sannan ya sa dunduniya ya danne ƙasar gefe ɗaya. Hammadu ya danne ɗaya gefen. Samari suka watse neman mafaka.

Rebecca ta kasa tashi, sai Hammadu ya miƙa mata kan sandarsa ta kama.

"Inna," ya ce, "in dai irin wanga kike so, akwai su a rafin da muke shayar da shanu, ta hanyar Ribah. Waɗancan ba na kowa ba ne. Amma don Allah, in za ki, ki biyo ta ruga in haɗa ki da mai nuna miki."