Fensirin Desmond

Ni ce na karya doka, Narelle ta bi ta, kuma ita aka cuta.

Desmond Tregear ya rubuta mana kiɗan nan mu biyu, ni da celo, babban gogen Turawa, ita da kilarinet, irin sarewarsu, sauran makaɗa na mara mana baya. Shekara huɗu yana fama da shi. Mako biyu kafin ya rasu ya kira mu asibiti a nan Hobart, ya ce ƙarshen bai kwanta masa ba. Ya karɓi takardunmu, ya rubuta wa kowaccenmu sabon ƙarshe da fensir a bayan shafi. Babu kwafi a ko'ina.

Ƙa'ida ita ce a mayar da takardu wurin Warwick mai ajiyarsu. Ni na jefa tawa a mota na manta. Narelle, uwar bin doka, ta kai tata ba ta ko busa sabon ƙarshen sau ɗaya ba, don ta kasa kallon rubutun. Warwick kuwa shekara talatin aikinsa ke nan: duk zanen fensir da makaɗi ya bari, sai ya goge kafin a sake rabawa.

Saura kwana uku mu hau dandali Narelle ta karɓo takardarta wurinsa, ta juya shafin, ta same shi fari fat.

"Warwick, me ka yi mini?"

"Na share miki ne, kamar kullum. Na ɗauka zane-zanenku ne."

"Zane-zanenmu?" na ce. "Kai ba ka san hannun Desmond ba? Idon naka ado ne?"

Ya tsaya yana murza kilinarsa ta goge fensir. Na so in shaƙe shi, na kuma ji tausayinsa, wannan ya ƙara ba ni haushi.

Muka kulle kanmu a ɗakin gwaji. Na ja nawa rabin, ina tsayawa duk inda ya kamata ta amsa.

"Tuna mana, Narelle! Ai kina tsaye a kansa ya rubuta."

"Bronwyn, fuskarsa nake kallo, ba takarda ba."

Ta busa sauti huɗu ta tsaya. Ta sake, ta tsaya a wuri ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, don na gane ba za ta tuna ba.

Sai dabara ta faɗo mini. Fensir ko an goge shi yakan bar sawu a takarda. Na fizge shafin na kai taga, na karkata shi ga rana, na shafa da yatsa. Na buɗe ƙofa na kira Warwick, ya kawo tocila da gilashin ƙara girma, muka duƙa mu uku muna bi layi-layi. Takardar sumul take.

Narelle ta zauna a ƙasa, kilarinet a cinyarta.

"Ku bari," ta ce. "Ba shi da ƙarfin dannawa ranar. Ni na riƙe masa hannu."