Haddar da Yaya Ya Koya wa Inna

Tun a mota Yaya ya fara ɗora wa Inna hadda. "Yau Talata, Inna. Idan likita ta tambayi shekarunki, saba'in da huɗu. 'Ya'yanki biyar."

"Kai, rufe min baki!" in ji Inna. "Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, yau kai za ka koya min ranakun mako?"

Amma Auta, da ke zaune a baya, tana jin ta tana maimaitawa ƙasa-ƙasa: Talata, Talata.

Auta ce ke gida ɗaya da Inna, ita ce kuma ta nace a zo asibiti. Yaya kuwa ɗan leƙe ne, ya zo ranar hutu ya cika ciki ya yi raha ya ce Inna garau take, tsufa ne kawai. A wurinsa, a ce uwarsu ta fara ruɗewa abin gori ne har jikoki. Shi dai a rufa asiri. To, rufin asiri ne zai tsare jinjira 'yar wata takwas? Kullum Auta za ta tafi aiki a hannun Inna take barin 'yarta, Inna kuma ta rantse muddin tana numfashi ba baƙuwar da za ta yi mata renon jika. Idan likita ta ce lafiya lau, gobe ma haka za a yi.

Likitar ta fara tambaya. Rana? Talata. Shekaru? Saba'in da huɗu. Amsa na fita tiryan-tiryan, Yaya na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

"Zan faɗi abu uku, Mama, ki riƙe min su. Kujera, ruwa, makulli."

Da aka ɗan taɓa hira ta nemi a maido mata su. Inna ta shiga murza gefen mayafi da yatsunta. Likita ta duƙa tana rubutu. Sai ga Yaya ya daddaɓa kujerarsa, ya ɗaga gorar ruwa, ya kaɗa makullin mota. Kai jama'a! Matar da ta sha kama masu satar amsa a aji, yau ita ce ke satar kallon hannun ɗanta.

"Kujera. Ruwa. Makulli."

"Madalla. A shekarunta wannan ba laifi." Likita ta jawo murfin fayil. "Akwai wani abu da kuka lura da shi a gida?"

"Babu ko ɗaya," in ji Yaya, ya watsa wa Auta harara.

Auta ta dubi Inna. Tana ƙaunar tsohuwar nan, kuma tana tsoronta tun tana ƙarama. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Akwai, likita."

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ranar Alhamis na dawo da wuri. Na tarar famfo a buɗe a banɗaki, 'yata zaune cikin baho, ruwa ya kai mata ƙirji. Inna tana bakin ƙofar gida tana tambayar masu wucewa ko sun ga Baba. Baba ya shekara shida da rasuwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amsoshin nan ma Yaya ne ya ba ta."

Inna ta juyo a hankali ta dube ta.

"Ni na yi haka?"

"Ke ce, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta gyara zama, ta ɗauko muryar nan tata ta aji. "Likita, buɗe takardar ki rubuta. Wannan yarinyar ba ta ƙarya. Kada a ƙara bar min jinjira, ko na yi kuka."

Aka sake gwajin ba Yaya a ɗakin, aka rubuta magani, aka sa ranar dawowa. Suna fitowa Yaya ya yi gaba fuu ko waiwaye babu. Auta ta riƙo hannun Inna suna saukowa daga bene, taki ɗaya-ɗaya, tana haɗiye kuka.

A tsakiyar matakala Inna ta ja ta tsaya, ta leƙa bayan Auta.

"Ke, ina jinjirar? Wa kika bar wa ita? Haba Auta, ina raye? Ai da kin kawo min ita na riƙe miki."